Zubewar gashi a ƙafafun doki

Zubewar gashi a ƙafafun doki yanayi ne da gashin da ke rufe ƙafar doki, musamman daga gwiwa zuwa bakin kofato, yake kakkaryewa ko ya tuge ya bar fata a fili. Alama ce da abubuwa da dama kan haifar, kamar daɗewa cikin laima da taɓo, gugar igiya, ƙwayoyin bakteriya da na fangas, ƙananan ƙwari masu zama a kan fata, cizon ƙudaje, zafin rana a kan farar fata, har da wasu magungunan da ake shafawa da niyyar warkarwa. Yawancin waɗannan ba sa kashe doki, kuma gashin yakan dawo idan an kawar da sanadin. Sai dai akwai kaɗan daga ciki da ke gurgunta doki, ko su bazu a barga, ko su kama mai kula da shi. A wuraren da ke bakin Kogin Neja, irin su Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi da ƙauyukan kan iyakarta da Jamhuriyar Benin, fadamu da yawan shanu da zirga-zirgar dabbobi sun haɗu a wuri ɗaya, kuma kowannensu yana da hannu a matsalar.

Sunaye

Hausa ba ta da kalma ɗaya tak ga wannan yanayi. Akan ce gashi ya zube, ko fata ta saɓule, sannan a laƙaba wa ciwon sunan da ya fi kama da shi. Idan akwai ɓawo mai kauri da ya manne da gashi sai a ce kirci, sunan da aka fi sani a jikin shanu. Idan doki na yawan susa sai a ce ƙazuwa. Idan wurin ya yi da'ira kamar kwabo sai a ce makero. Waɗannan sunaye suna bin kamannin ciwo ne a ido, su kuwa sunayen likitanci suna bin ƙwayar da ta kawo shi, don haka ba su cika dacewa ɗaya bisa ɗaya ba. Abin da mai doki ya kira ƙazuwa yana iya zama cizon ƙuda, ko kirci a farkonsa. A rubuce kuma akwai wani ruɗanin, domin lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba tabo, wato alamar da rauni ya bari, da taɓo, wato laka, kuma duka biyun suna yawan zuwa a wannan magana.

Yadda ƙafar doki take

Daga gwiwa zuwa ƙasa doki ba shi da tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata kawai. Shi ya sa rauni a wurin yake daɗewa bai warke ba, kuma yakan yi tsiron nama fiye da sauran sassan jiki. A bayan wuyan ƙafa, wato tsakanin idon sawu da kofato, akwai lanƙwasar fata da ke buɗewa tana rufewa da kowane taku. Ruwa da yashi suna maƙalewa a nan, kuma a nan yawancin ciwon yake farawa.

Gashi yana ɓacewa ta hanya biyu. Ko dai ciwo ya kama ramin da gashin ke tsirowa har ya fita da kansa, ko kuma ƙaiƙayi ya sa dokin ya goge shi da haƙori, da kofaton ɗaya ƙafar, ko a jikin turke. Idan ramin gashin bai mutu ba, sabon gashi yakan fito cikin makonni. Idan raunin ya yi zurfi wurin yakan zama tabo na dindindin, wani lokaci kuma gashin ya dawo fari fat ko da dokin akawal ne, saboda ƙwayoyin da ke ba shi launi sun lalace.

Yanayin yankin Bagudo

Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, a ƙarƙashin Masarautar Gwandu, kuma Kogin Neja, wanda ake kira Kwara, ya ratsa ta. Cikin garuruwanta akwai Illo, Lolo, Tsamiya, Ka'oje da Zagga. A tsallaken iyaka akwai yankin Alibori na Benin, inda Segbana da Malanbil suke. Illo tsohon zango ne na fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Borgu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba Borgu biyu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Har yanzu doki yana da daraja a ɓangarorin biyu, a hawan salla na sarakunan Kebbi da kuma bikin Gani na Nikki, wanda ya shahara da mahaya.

Abin da ya bambanta wannan yanki da tudun ƙasar Hausa shi ne kogin yana cika sau biyu. Akwai cikar damina wajen watannin Agusta da Satumba, sai kuma ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, wanda ba ya isowa sai cikin rani. Ma'ana, gefen kogi da fadamun shinkafa ba sa bushewa da wuri, kuma dokin da ake kai shi kiwo ko shan ruwa a can yana iya shafe fiye da rabin shekara ƙafarsa na shiga laka. A shekarun ambaliya, irin 2020 da ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, laimar takan kai har cikin gidaje da wuraren ɗaure dabbobi.

Laima, taɓo da kirci

Fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, man da ke kare ta ya wanke. Yashin da ke cikin laka sai ya riƙa gurzar ta, ƙarangiya da tushiyar shinkafa su karce ta, matsattsaku da kaska su huda ta. Ta waɗannan ƙananan ƙofofi bakteriya ke shiga. Da farko wurin yakan yi ja da zafi, sannan ya fara tsatsar ruwa, ruwan ya bushe ya zama ɓawo ya manne gashi wuri ɗaya. Idan aka ɓamɓare ɓawon yakan fito da gashin gaba ɗaya kamar bakin buroshin fenti, ƙarƙashinsa kuma jan nama ne, wani lokaci da mugunya. An fi ganin haka a ƙafafun baya da kuma fararen ƙafafu. Idan aka bari fatar takan tsattsage, doki ya fara ɗingishi, ƙafar ta kumbura har gwiwa.

Ƙwayar da ta fi shahara a nan ita ce Dermatophilus congolensis, wadda ke kawo kirci. Wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam mai suna Van Saceghem ne ya fara bayyana ta a 1915 a jikin shanun ƙasar Kongo, daga nan ta samo sunanta. Tana iya zama da rai a busasshen ɓawo na tsawon watanni. Da zarar ruwa ya jiƙa ɓawon sai ta saki 'ya'ya masu iya iyo, su bi danshi su shiga sabuwar fata. Wannan ne dalilin da ya sa kirci ke tashi da damina ya lafa da rani. Ƙudaje suna ɗaukar ta daga dabba zuwa dabba. A jikin shanun Afirka ta Yamma an tabbatar da alaƙa mai ƙarfi tsakanin kirci mai tsanani da kaskar nan mai dogon baki da zane a baya, Amblyomma variegatum, wadda ita ma takan kama doki. Dokin da ke kwana kusa da garken shanu masu kirci, ko yake shan ruwa a mashaya ɗaya da su, yana cikin haɗari fiye da wanda ke turke a tudu. Akwai kuma bakteriyar Staphylococcus, wadda ke zaune a fata tun asali, sai fatar ta samu rauni take zama cuta.

Ba sai an je fadama ba. Turken da ba a kwashe kashi da fitsari yana yin irin wannan ɓarna, domin fitsarin da ya daɗe yana ƙona fata. Da hunturu kuwa akasin haka ke faruwa, fatar da laka ta bushe a kanta takan yi faso.

Igiya da turke

A ƙasar Hausa an saba ɗaure doki da ƙafa a turke, ana kuma yi masa dabaibayi ko tarnaƙi idan za a sake shi kiwo. Wannan shi ne sanadin da ya fi sauƙin ganewa, kuma shi aka fi mantawa da shi. Alamarsa zobe ne da ya zagaye wuyan ƙafa daidai inda igiya ke zama, galibi a ƙafar da aka saba ɗaurewa, sauran kuwa lafiya lau. Igiyar leda ta fi ta auduga ko ta rama cin fata, musamman idan doki ya firgita ya fizge ta, domin gugar takan ƙona fatar nan take. Igiyar da ta jiƙe kuma tana riƙe yashi. Sau da yawa raunin igiya ne ƙofar da sauran cututtukan da ke wannan shafi suke bi su shiga, don haka bai kamata a raina shi ba.

Akwai dokin da kofatonsa ɗaya ke bugun cikin ɗaya ƙafar idan yana gudu, wanda ke barin tabo a gefen ciki na idon sawu. Wanda ke kwanciya a busasshiyar ƙasa mai tauri kuma yakan goge gashin gefen waje na gwiwar baya.

Ƙwari da ƙudaje

Ƙazuwar ƙafa ta ainihi wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, Chorioptes bovis, wanda bai kai rabin milimita ba. Ba ya haƙa rami a fata, a samanta yake zaune yana cin ɓawonta. Daga ƙwai zuwa babba yakan ɗauki kimanin mako 3, kuma yana iya rayuwa na makonni a shimfiɗar barga ba tare da doki ba. Dokin da ke da shi yakan riƙa buga ƙafa a ƙasa, musamman da dare, yana cizon wuyan ƙafarsa. An fi samun sa a manyan dawakin Turai masu dogon gashi a ƙafa, irin su Shire da Clydesdale. Dawakin Afirka ta Yamma, jinsin Dongola da Barb, gajeren gashi gare su a ƙafa, don haka ƙwaron ba ya samun maɓoya sosai, ko da yake yana kama su. Ƙazuwar Sarcoptes ta fi tsanani, amma daga kai da wuya da kafaɗa take farawa.

A bakin kogi ƙudaje sun fi wannan ƙwaro muhimmanci. Ƙudan barga mai cizo, Stomoxys calcitrans, ya fi son ƙasan ƙafa, kuma yana hayayyafa a ruɓaɓɓiyar ciyawa da ta gauraya da kashi da fitsari. Ƙananan ƙudajen Culicoides, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, suna hayayyafa a laka, suna cizo da asuba da magariba. Jikin wasu dawaki ba ya jure yawunsu, sai su yi ta susa har geza da gindin wutsiya da ciki da ƙafafu su saɓule. Su ne kuma ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, mai kisa cikin kwanaki.

Ƙudaje suna kawo wani ciwon ta wata hanya dabam. Tsutsar Habronema tana zaune a tumbin doki, 'ya'yanta su fita cikin kashi, tsutsar ƙuda ta haɗiye su. Idan ƙudan ya girma ya sauka a kan rauni sai ya zubar da su a ciki. Raunin sai ya ƙi warkewa, ya yi tsiron nama mai ƙaiƙayi da ƙananan ƙwayoyi rawaya masu tauri. Yakan ragu da sanyi ya dawo idan ƙudaje sun dawo.

Makero

Fangas ne ke kawo makero, wato dangin funfuna, mafi yawa Trichophyton equinum da wasu nau'o'in Microsporum. Yana cin gashin kansa, gashin ya karye ya bar da'ira mai furfurar ɓawo. Ya fi fitowa inda sirdi da majayi ke zama, amma yana kaiwa ƙafa ta buroshi, tsumma ko igiyar da aka yi tarayya. Ya fi kama ƙananan dawaki. Yakan warke da kansa cikin wata 1 zuwa 3, sai dai ƙwayarsa na daɗewa a jikin kayan doki na watanni, kuma yana kama mutane, musamman yaran da ke wanke dawaki.

Cututtukan da suka fi haɗari

Idan zubewar gashi ta zo da ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi, suna hawa daga ƙasan ƙafa zuwa sama, to ciwon ya shiga jijiyoyin da ke kai ruwan jiki ga kaluluwa. Ƙullin sukan fashe su zubar da mugunya, su zama gyambo, wasu su warke wasu su ɓullo. Ɗaya daga cikin masu kawo haka fangas ne, Histoplasma capsulatum nau'in farciminosum, wanda ke shiga ta rauni, ƙudaje da kayan doki kuma su yaɗa shi. An san shi a ƙasashen Afirka da dama, kuma a Habasha ya addabi dawakin da ke jan keken haya. Jinyarsa tana ɗaukar watanni, da magungunan aidin na sha ko na allura. Bakteriyar Corynebacterium pseudotuberculosis ita ma tana kawo mai kama da shi, galibi a ƙafafun baya.

Dalilin da ya sa ba a wasa da irin wannan alama shi ne tana kama da ta cutar da bakteriyar Burkholderia mallei ke kawowa, wadda ke kashe doki da mutum, kuma tana cikin cututtukan da dole a sanar da hukuma. Ido kaɗai ba ya raba su, sai gwaji. Dokin da ke da irin waɗannan ƙulli ana ware shi, ba a taɓa mugunyar da hannu tsirara.

A ƙasashe masu zafi da ruwa ke kwanciya, kamar Barazil, Indiya da Ostareliya, an san wata ƙwayar ruwa mai suna Pythium insidiosum da ke shiga raunin ƙafa ko ciki. Gyambonta yana girma da sauri, da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma akan samu dunƙulallun abubuwa masu tauri kamar tsakuwa a cikinsa. Magungunan fangas ba su cika yi mata aiki ba, yawanci sai an yanke wurin da wuri.

Rana da abinci

Idan ciwon ya tsaya daidai inda farin gashi ya ƙare, baƙar fatar kusa da shi kuma ba ta da komai, ana zargin ƙunar rana. Wani lokaci sinadarin wata ciyawa ne ya shiga jini ya sa farar fata ta kasa jure haske. Wani lokaci kuma hanta ce ta lalace ta kasa fitar da ragowar koren ganye, kamar yadda ke faruwa ga dokin da ya daɗe yana cin tsiron Crotalaria. Irin wannan yana buƙatar gwajin jini, domin matsalar hanta ta fi ta fata girma.

Ƙarancin abinci ba ya cika zubar da gashin ƙafa shi kaɗai. Dokin da harawa da ingirici suka yanke masa da bazara, ko tsutsar ciki ta cinye shi, gashin jikinsa duka ne ke dusashewa, raunukansa kuma su ƙi warkewa.

Magungunan da ke ƙara ɓarna

Baƙin man inji, kananzir, ruwan batir da maganin feshin gona duk suna ƙona fata, kuma sukan mayar da ƙaramin ciwo babba. Lalas da ƙarfe mai zafi yana kashe ramin gashi har abada. Man shafawa mai ɗauke da sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci amma yana ba fangas damar bazuwa. Wanda ya fi dacewa a yi hattara da shi a yankin makiyaya shi ne maganin kaskar shanu da ake rubuta amitraz a jikin kwalbarsa. Yana aiki a kan shanu, amma guba ne ga doki, yana tsayar da motsin hanji, ya kawo ciwon ciki mai tsanani da kan kai ga mutuwa. Kasancewar magani ya yi wa saniya amfani ba hujja ba ce ta gwada shi a kan doki.

Ganewa da magani

Likita yakan fara da tambayoyi: wace ƙafa ce, wane wuri a jikinta, da wane lokaci na shekara ya fara, ko akwai ƙaiƙayi, ko wasu dabbobi ko mutanen gidan sun kamu. Daga nan yakan kankare fata ko ya manna salatif ya duba a madubin likita don neman ƙwaro. Ɓawon kirci idan aka jiƙa aka rina shi yana nuna ƙwayoyin a jere biyu-biyu kamar layin dogo. Shukar fangas a ɗakin gwaji takan ɗauki mako 2 zuwa 3. Manyan wuraren irin wannan bincike a Arewa sun haɗa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924.

Ga ciwon laima da kirci, rabin magani shi ne mayar da doki busasshen wuri. Ana aske gashin gefen ciwon, a jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi mai aidin ko chlorhexidine na kimanin minti 10, a cire wanda ya yi laushi ba tare da tilas ba, a ɗauraye, a tsane sarai da tsumma mai tsabta, kowace ƙafa da nata. Ɓawon da aka cire ƙona shi ake yi. Man kaɗanya ko basilin suna kare lafiyayyar ƙafa busasshiya kafin shiga ruwa, amma idan aka shafa su a kan jiƙaƙƙen ciwo sai su rufe ƙwayar a ciki. Allurar kashe bakteriya sai idan akwai kumburi ko zazzaɓi, kuma da umarnin likita. Ivermectin yana kashe tsutsar Habronema, amma ba ya isa ga ƙwaron ƙazuwar ƙafa sosai tunda ba jini yake sha ba. Shi wannan sai wanki da magani, irin mai farar wuta, a maimaita bayan kimanin mako 2, a haɗa da duk dawakin da ke bargar, a canza rairayin turke. Ga raunin igiya akan naɗe ta da tsumma mai laushi, a riƙa sauya ƙafar da ake ɗaurewa, ko a koma ɗaurewa da ragama. Doki yana cikin dabbobin da tetanos ya fi saurin kamawa, don haka duk rauni mai zurfi a ƙafa yana buƙatar rigakafinsa.

Zirga-zirga a kan iyaka

Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar shaidar kiwon ƙetare, wadda ke nuna yawan dabbobi da rigakafin da aka yi musu, kuma a ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta sanar da hana shigowar garkunan ƙetare. A ɓangaren Najeriya hukumar NAQS ce ke da alhakin duba dabbobin da ke shigowa. Waɗannan tsare-tsare sun fi shafar garkunan shanu. Doki kuwa sau da yawa shi kaɗai yake tafiya, an saye shi a kasuwa, ko an ba da shi kyauta, ko an are shi don hawan biki, kuma kayansa suna tafiya tare da shi. Makero, ƙazuwa da kirci duk suna iya kasancewa a jikinsa kafin alama ta fito. Saboda haka likitoci ke ba da shawarar a ɗaure sabon doki nesa da sauran na mako 2 zuwa 3, da buroshinsa da igiyarsa da bokitinsa dabam, ana duba bayan wuyan ƙafafunsa kullum. Sirdi, majayi da jalalar da aka aro don hawa kuma ana wanke su, a shanya a rana su bushe sarai kafin a ɗora wa wani doki.